Waƙar da Ta Zo ta Bayan Danga

Litinin, 9 ga Maris 1953, da hantsi. Shagari.

Yau kwana tara da na miƙa wa mataimakina Mainasara makullin asibitin Boɗinga. Shekara goma sha ɗaya ina wankin gyambo, ina ɗura wa yara magani suna tofa mini a riga, yau ga ni zaune a zauren gidan Goggo Balaraba, ba mai nishi a ƙofa, ba warin magani a hannuna. En'e ta ba ni hutun wata biyu, ba albashi. Likita Bature da zai sa hannu a takardar ya tambaye ni ko wani ciwo ke damuna. Na ce a'a, waƙa zan je in rubuta. Ya dube ni ta saman tabarau kamar ya ga ciwon da ba ya cikin littafinsa.

Duk Boɗinga ta sani, kuma laifina ne. Ni na cika baki a majalisar bakin kasuwa cewa ba zan dawo ba sai da waƙa a kan shekarar sanƙarau, irin wadda za a riƙa rerawa bayan ba mu. Malam Sodangi na nan Shagari, wanda ya koya mini karatu ina yaro, ya yi alkawari zai saurare ta. In ta yi masa, ɗalibansa su kwafe ta a rarraba. In ba ta yi ba, in koma wa gyambona da kunyata.

Matata Rahamatu ta share mini zauren, ta shimfiɗa buzu, ta ajiye buta. Ba ta tambaye ni komai ba, ta san don wa nake yi. Da ɗiyarmu Indo tana raye, bana shekararta bakwai.

Na fere alƙalami uku.

Laraba, 11 ga Maris, bayan la'asar

Baiti huɗu. Na buɗe da sunan Allah da salati yadda ake yi, sannan na shiga:

Ya Rabbana, Kai ne ka ƙaddara ajali,
Mautu tana bisa kan dukkan bashari.

Na rera shi ya fi sau ashirin. Ga nauyi, ga Larabci, ba wanda zai ji ya ce malamin gyambo ne ya yi. Karin ne kawai ke ɗan yi mini gardama a ɗango na biyu, amma zan lallashe shi.

Asabar, 14 ga Maris, da azahar

Baiti huɗu.

Litinin, 16 ga Maris, da hantsi

Har yanzu huɗu. Goggo ta leƙo ɗazu tana tauna goro, ta ce, "Attahiru, wagga waƙa taka yaushe za ta haihu? Kwana nawa kana naƙuda, ko kan ɗan ba mu gani ba." Na ce mata wannan aiki ba daka ba ne da za a ji lugude a san ana yi. Ta ce to, Allah shi sauke ni lahiya.

Zafi ya kore ni daga zaure, na koma rumfar da ke jikin danga. Bayan dangar nan dutsen niƙa yake. Ina zaune ina maimaita karina da ƙarfi, Rahamatu tana niƙa, sai na ji ta kama shi a hanci tana tafiya da shi tare da dutsen. A bakinta bai yi gardama ba. Na lura da wannan, shi ke nan.

Alhamis, 19 ga Maris, bayan asuba

Jiya baiti ya zo.

Na dama hura ta mutum ukku da sahe,
Da la'asar ludayi guda na nan a kihe.

Da na rubuta shi na kasa tashi daga wurin, sai da Goggo ta yi magana sau biyu cewa lokacin salla na wucewa. Wannan shi ne abin da na bar aiki domin sa. Zan warware huɗun farko in mayar da ƙafiyarsu kan wannan. Alhamdu lillahi.

Alhamis ɗin dai, da la'asar

Ƙarya na rubuta da safe. Littafin nan ba mai karanta shi sai ni, ban ga amfanin yi masa ƙarya ba. Baitin ta bayan danga ya zo. Rahamatu tana niƙa ta faɗe shi, sau ɗaya, ba ta ma ɗaga murya ba, ta ci gaba da aikinta kamar wadda ta yi tari.

Kakarta da ta goye ta a Lambara ita ke koya wa mata waƙoƙin wa'azi, a cikinsu ta tashi, ba abin mamaki ba ne in wani abu ya maƙale mata a kunne. Amma ba ta taɓa riƙe alƙalami don waƙa ba. Ba ta san sunan kari ko ɗaya ba. Ni na yi shekara huɗu a makarantar Midil, na zauna gaban Malam, na haddace abin da na haddace, na ajiye aikin da maza ke neman hanyar samu. Ita tana niƙa dawa!

Karin dai nawa ne. A rubuta wannan, karin nawa ne.

Litinin, 23 ga Maris, da hantsi

Na ce wa Goggo tuwon dawa nake marmari kwanan nan, kullum, dare da ɗumame. Ta ce tun ina yaro ba ta san ni da son tuwon dawa ba. Na ce mutum yana canzawa.

Yanzu ana niƙa kowace safiya, ni kuwa ina rumfa da takarda a cinya. Wata rana ba komai sai hanci. Wata rana ɗango ɗaya. Yau:

Sawunta na nan gindin randa, ban yi shara ba,
Ina ta korar kaji don kada su shahe.

Ban san an yi haka ba. A gidana aka yi, a gindin randar da nake shan ruwa, ban sani ba sai yau da na ji ta bayan danga. Na rubuta, kuma ina rubutawa ina jin haushinta har wuya. Me ya sa ita ta ga sawun?

Laraba, 25 ga Maris, bayan magariba

Baiti goma sha tara. Goma sha biyu nawa. Na jera su yadda ba za a gane na waye na waye ba.

Rahamatu ta kawo abinci ta durƙusa, na dube ta da kyau ko zan ga alamar ta san ina kwashewa. Ba komai a fuskarta. Ta ce, "Malam, aikin na gaba?" Na ce yana gaba. Ta ce, "Allah shi taimaka." Ko da gaske take, ko dariya take yi mini a ciki, Allah ne masani.

Juma'a, 27 ga Maris, bayan la'asar

Na kai wa Malam Sodangi bayan an sauko masallaci. Idonsa ya yi rauni yanzu, ni na rera masa, yana kishingiɗe yana jan carbi. Na yi buɗewa, na yi baitin ajali, na yi na kabari da na hisabi, carbi yana tafiya abinsa. Da na zo ludayi sai carbin ya tsaya.

Ya ce, "Koma."

Na maimaita.

Ya ce, "Attahiru, kai ad da damun hura yanzu?"

Ɗalibai biyu da ke gefe suka sunkuyar da kai suna dariya. Na ce, "Allah shi gafarta Malam, cikin bakin uwa nis sa maganar, don ta hi shiga rai."

Ya ce, "To, ka yi dabara." Ya sa na ci gaba har ƙarshe. Sannan ya ce, "Na ludayi da na randa da 'yan uwansu, su na waƙa. Sauran karatu na. Karatun naka ba shi da aibi, amma kowa ya san shi. Tahi ka ƙaro irin waɗancan. Ban san kana da wanga abu cikinka ba."

Ɗaya bayan ɗaya ya lissafa waɗanda suka yi masa. Bakwai. Ko ɗaya bai kuskure ya haɗa da nawa ba, makaho-makaho da shi. Na yi godiya, na ce addu'arsa ce. A hanya na yi tuntuɓe da kututture har yatsa ya fashe, ban ji zafi ba sai da na zo gida.

Asabar, 28 ga Maris, da azahar

Ba hassada ba ce. Mutum ba ya yi wa matarsa hassada.

Talata, 31 ga Maris, da la'asar

Wani mai albasa daga Boɗinga ya biyo ya gaishe ni. Na tambaye shi asibiti, ina jira in ji an ce ana kewata. Ya ce lafiya lau, ai Mainasara hannunsa ba zafi, allurarsa sai ya cire kake sanin ya soka, har tsofaffin Dingyaɗi ke takowa don shi. Ni na koya wa Mainasara riƙon sirinji. Sannan ya ce 'yan majalisa na gaisuwa, suna tambaya ko waƙa ta nuna.

Can an sami wanda ya fi ni, nan ma an samu. Aƙalla na can ba a gidana yake kwana ba.

Alhamis, 2 ga Afrilu, da hantsi

Na dawo daga gaida wani mara lafiya na bi ta rijiyar unguwa. Wata mata tana jan guga tana rera baitin ludayi, da karina, tsaf. Na tsaya kamar ina gyara takalmi. Ta kusa da ita ta tambaye ta ina ta samo wannan, ta ce, "Waƙar matar malamin asibiti ta, baƙuwar gidan Balaraba. In tana niƙa ki zo ki ji, sai kin yi kuka."

Waƙar matar malamin asibiti. Ba ta malamin ba. In wannan magana ta kai zauren Malam fa? In ta hau jakin albasa ta isa Boɗinga?

Alhamis, bayan la'asar

Abin da ya faru a tsakar gida ba zan rubuta shi ba. Akwai mata uku na maƙwabta a wurin, da Goggo. Na faɗi abin da ya kamata maigida ya faɗa. Wataƙila muryata ta yi sama fiye da yadda na so.

Juma'a, 3 ga Afrilu, da hantsi

An yi niƙa. Dutse kawai.

Litinin, 6 ga Afrilu, da azahar

Dutse kawai, kwana huɗu. Ban san niƙa na da tsawo haka ba.

Ba ta yi fushi ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ruwan alwala yana zuwa a kan lokaci, tuwon dawan da na jawo wa kaina yana zuwa, ta durƙusa ta ce sannu da aiki ta tashi. Da ta yi mini tsiwa da na sami abin kamawa. Goggo ce ta daina yi mini magana, in na gaishe ta sai ta amsa wa bango.

Na zauna na ce bari in yi irin nata, ai ba wani abu ba ne, kayan gida ne kawai ake ambata. Na yi baiti a kan tabarma, na yi a kan tulu, na yi a kan muciya. Da na rera sai ka ce mai shela yana lissafa kayan da aka sace. Na yage su shida.

Alhamis, 9 ga Afrilu, bayan la'asar

Malam ya aiko na je. Ya tambayi ƙari, na ce abin ya ɗan tsaya. Ya ce ba komai, waƙa ba a yi mata dole, wadda ke akwai ta isa in an rage karatun. Ya ce in rufe ta kawai. Kowace waƙa tana da baitin rufewa inda mai ita ke faɗin sunansa da garinsu, don masu rerawa su san wa za su yi wa addu'a, kuma ba ya bari a kwafi waƙa a zaurensa ba shi. Ya ce, "Kawo baitin sunanka, mu ba yara su hwara rubutu."

Na fito ina murmushi ni kaɗai. Wannan baiti dai ba zai zo ta bayan danga ba, ko da ban hana ba. Shekara goma da aurenmu ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ko baƙo aka yi mai suna Attahiru, sai ta ce mai sunan Malam. Matar kirki ba ta kama sunan mijinta, ita kuwa a wannan ba ta da na biyu. To ga baiti ɗaya da duk iyawarta ba za ta taɓa ba. Shi ne kuma wanda za a riƙa tunawa.

Lahadi, 12 ga Afrilu, da hantsi

Attahiru na Boɗinga shi yay yi ta,
Ya rubuta ta da alƙalamin ƙarhe.

Alƙalamina na kara ne. Don ƙafiya ta fito na mayar da shi ƙarfe. Sunana ne a baiti, sunan da aka raɗa mini, amma ya zauna a cikin waƙar kamar baƙon da ya shigo gidan makoki da sabuwar riga.

Laraba, 15 ga Afrilu, da azahar

Na gwada sau goma sha ɗaya. Ba hassada ba ce, gajiya ce.

Juma'a, 17 ga Afrilu, bayan la'asar

Takarda ta zo daga ofishin En'e, in kama aiki ran ɗaya ga Mayu ba fashi. Saura mako biyu.

Bari in rubuta abin da na faɗa ran nan, tun da yana ta yi mini yawo a ka yana hana ni komai. Na ce kada in sake jin bakinta a kan dutsen nan. Na ce ta mayar da mutuwar ɗiyata waƙar niƙa, matan rijiya suna jan guga da ita. Na ce Indo ba tata ce ita kaɗai ba, ni ma na haife ta, kuma ni ne na san yadda ake yi wa mamaci waƙa. A gaban mutane na faɗa. Ta saki ɗan dutsen, ta share hannu a zane, ta ce, "Ka yi haƙuri, Malam." Matan suka sulale ɗaya bayan ɗaya.

Ban ce mata baitocinta bakwai suna cikin aljihuna lokacin da nake faɗa ba.

Litinin, 20 ga Afrilu, da hantsi

Goggo ta yi magana yau. Rahamatu ta tafi gaisuwar haihuwa, Goggo ta zo rumfa ta zauna a kan turmi ba sallama.

Ta ce, "Kai ɗan ƙanena na, ni ka iya hwaɗa maka. Kullum kana laɓe nan kana tsintar abin da ka zubowa bakin yarinyag ga, ka aza ba mu gani? Dangar kara ta, Attahiru, ba katanga ba. Inuwarka muke kallo tana rubutu."

Na ce karin nawa ne.

Ta ce, "Riƙe karinka. Kac ce ɗiyarka ta kai ma. Gaskiya na. To ina kake ran da tat tahi?"

Na ce, Goggo.

Ta ce, "Ban ce ka yi laihi ba, aiki na anka aike ka. Amma shekara ukku ko sau guda ba ka zauna ka tambayi uwar yadda anka yi ba. Ita ta buɗa baki ta hwaɗa ma dutse, tunda kai ba ka tambaya, shi ma ka hana."

Ta tashi ta bar ni da turmi.

Talata, 21 ga Afrilu, bayan asuba

Ran da Indo ta tafi, Dingyaɗi nake. An kafa bukkoki a bayan gari an kwantar da masu sanƙarau, ni kaɗai da akwatin ƙwayoyi, layi har gindin tsamiya. Aka aiko daga gida cewa jikin Indo da zafi. Na ce zazzaɓi ne, a ba ta ruwa, in na rage layi ina zuwa. Ni da na san ciwon fiye da kowa a ƙasar, ni na ce zazzaɓi ne. Aka sake aikowa washegari, na ce da la'asar. Da na iso an dawo daga maƙabarta. Ƙwayoyin da suka tashi 'ya'yan mutane suna cikin jakata.

Wannan ne nake so in sa a waƙa tun farko. Na bar aiki na zo nan don in faɗe shi, sai na ɓuya a bayan Larabci. Ita da take wurin tana da ludayi da sawu. Ni ba ni da komai na ranar, ko kukan ban ji ba. Har wannan nake yi mata ƙyashi, Allah Ya yafe mini, har zaman da ta yi a kanta.

Alhamis, 23 ga Afrilu, da hantsi

Na tsaya jikin danga na yi gyaran murya, na ce maganar ran nan ta wuce, in tana son yin waƙarta ta yi. Ta ce, "To, Malam." Dutse ya ci gaba.

Asabar, 25 ga Afrilu, da azahar

Dutse kawai. Malam ya sake aikowa.

Lahadi, 26 ga Afrilu, bayan la'asar

Na zagaya na shiga tsakar gida na zauna a ƙasa kusa da ita tana tsince wake. Na fito da takardun na rera mata waƙar daga farko har inda ta tsaya. Ba ta ɗago ba. Na ce mata bakwai daga ciki nata ne, na kai wa Malam a matsayin nawa, kuma su kaɗai ya yaba.

Ta ce, "Na sani. Ai don ka ɗauka nika hwaɗi. Na ga kana wahala."

Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Wato sadaka ake ba ni ta bayan danga, ni ina can ina jin ni ɓarawo ne gwani.

Na haɗiye. Na ce saura baitin rufewa, na kasa, kwana biyar ya rage. Na ce na san ba za ta iya kama suna ba, amma ko hanya ta nuna mini. Ni Attahiru, da bakina na roƙa. Ta ce ita ba ta iya yi in ana kallonta.

Litinin, 27 ga Afrilu, da hantsi

Na koma rumfa da takarda. An daɗe ana niƙa ba komai, har na fid da rai. Sai hancin ya fara, a hankali, ya zagaya karin sau biyu. Sannan ta faɗa, kuma wannan karo ta ɗaga murya yadda zan ji:

In anka ce wa ay yi waƙag ga, ku ce … na,
Shina wurin ɗiyan mutane rannan, na yahe.

Inda sunana zai zauna ta rufe baki ta ja shi a hanci, daidai tsawon sunan, ba ƙari ba ragi. Na gwada a zuci, ya shiga kamar an auna.

Ban rubuta ba. Na tashi na zagaya. Tana durƙushe, gari har gwiwar hannu, fuskarta jiƙe. Na ce, "Rahamu, ban roƙe ki wannan ba."

Ta ce, "Na sani, Malam. Shekara ukku ina jiran ka roƙa. Na gaji da riƙo."

Na zauna a wurin. Goggo ta fito ɗaki ta gan mu, ta koma ta saki labule. Na tambayi Rahamatu yadda aka yi ranar, tun daga safe. Ta faɗa mini duka. Dawar ba a ƙarasa niƙa ta ba.

Litinin, bayan la'asar

Ta ba ni sunan, a wurin da ya dace, kyauta. In na cike gurbin na kai, waƙa ta zama tawa, ɗalibai su kwafa, in shiga Boɗinga da kaina a sama. Sai dai duk wanda ya rera zai ce na yahe, kuma ba ni ne mai yafewar ba. In na cire ɗangon na sa nawa na ƙarfe, ba wanda zai sani sai mutum uku.

Na daɗe ina duban takardar.

Talata, 28 ga Afrilu, bayan magariba

Na rera wa Malam har ƙarshe, inda ta ja a hanci ni ma na ja. Ya tambaye ni me ya sa na tsallake sunana. Na ce, "Allah shi gafarta Malam, mai waƙar ba ta kama shi." Na faɗa masa sauran a gaban ɗalibansa, ban rage ba.

Ya ce a kwafe ta yadda take, a bar gurbin fari. Ya ce a cire tara daga cikin nawa, uku na buɗewa su tsaya. Ya ce in gaishe ta ƙwarai, in ce mata ya gode. Ni bai ce mini komai ba.

Alhamis za mu bi motar Sakkwato mu sauka Boɗinga. Ban san abin da zan ce wa 'yan majalisa ba tukuna. Ƙyashin bai tafi ba, ƙarya ce in ce ya tafi, da na isar mata da saƙon Malam sai da ya motsa. Amma na isar, kalma da kalma, ban rage ko ɗaya ba.